Sunan Gari a Bayan Sunan Mutum: Daga Ƙasar Chen Zuwa Fagge

A Kantin Kwari, cikin ƙaramar hukumar Fagge, ɗan kasuwar da yake yin odar atamfa da shadda da leshi daga Guangzhou ya saba da waɗansu gajerun sunaye da suke zuwa a ƙasan takardun kaya: Chen, Wu, Zheng, Song, Zhao. Yana karanta su kamar yadda yake karanta lambar kwantena, ba ya tsayawa a kansu. Da wuya ya san cewa kowannensu sunan wata ƙasa ne mai sarki da ganuwa da mayaƙa, wadda ta rushe fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Shi ma abokin cinikinsa na can, idan ya duba takardar biyan kuɗi ya ga Rano ko Gaya ko Daura a ƙarshen sunan mai aikowa, bai san cewa irin abin da ke bayan nasa sunan yake kallo ba.

Wannan kamanni ya wuce abin nishaɗin masu sha'awar tarihi. Sinawa sun gama mayar da sunayen tsofaffin ƙasashensu sunayen iyali tun kafin a kafa Kano, har abin ya zama jiki, ba mai tambayar ma'anarsa. Hausawa kuwa yanzu suke tsakiyar aikin, kuma ba a fada ko a zauren malamai ake yanke shawararsa ba. Ana yanke ta ne a gaban wani matashi mai kwamfuta a cibiyar rajistar katin ɗan ƙasa, wanda yake jira a gaya masa abin da zai sa a gurbin sunan iyali domin layi ya matsa.

Wajen shekara ta 1046 kafin Miladiyya, gidan sarautar Zhou ya kayar da na Shang, ya rarraba ƙasa ga 'yan uwa da manyan barori da zuriyar sarakunan da suka gabata, kowa da yankinsa, abin da ya ɗan yi kama da rabon tutoci na zamanin jihadi. Daga nan aka sami Chen da Song da Cai da Lu. Zheng ta zo daga baya, a 806. Ƙasashen suka shafe ƙarnuka suna cin juna. Chu ta haɗiye Chen wajen 478, Yue ta murƙushe Wu a 473, Han ta cinye Zheng a 375, Qi ta shafe Song a 286. A 221 kafin Miladiyya ƙasar Qin, wadda ake furtawa Cin, ta gama da duk sauran, ta haɗa su ƙarƙashin sarki ɗaya. Masana da yawa suna ganin daga sunanta ne kalmar Sin ta samo asali, ta bi ta bakin Indiyawa da Farisawa da Larabawa har ta iso Hausa. Qin ɗin ma a yau sunan iyali ne.

Abin lura shi ne lokacin da sunan ƙasa yake manne wa mutum. A cikin Chen ba a bukatar a kira kowa Chen, domin kowa na Chen ne. Sai mutum ya fita, ko kuma ƙasar ta faɗi. A 672 kafin Miladiyya wani ɗan sarkin Chen mai suna Wan ya tsere daga rikicin gidansu ya fake a Qi, can aka riƙa kiransa Chen Wan. Zuriyarsa, waɗanda daga baya aka sani da sunan Tian, suka yi ta hawa a fadar masu masaukinsu har suka karɓe gadon sarautar Qi a 386. Sa'ad da Chu ta ci Chen kuwa, waɗanda suka watse sai suka tafi da sunan, tunda shi kaɗai ya rage da za a iya ɗauka. A yau Chen shi ne na biyar cikin sunayen da suka fi yawa a ƙasar Sin, masu amsa shi sun haura miliyan 50, kuma shi ne na farko a Taiwan. A Hong Kong ana cewa Chan, a Singafo Tan, a Biyetnam Tran. Littattafan salsala na gidaje da yawa suna kai kowa ga sarkin Chen na farko, amma ba wanda yake ɗaukar wannan da muhimmancin da zai sa ya je lardin Henan ya nemi gona. Sunan da ya fi Chen yawa ma, wato Wang, ma'anarsa sarki, kuma mutum wajen miliyan 100 ne suke amsa shi.

Akwai abu na biyu da yake ruɗa baƙin tarihin Sin. Mutum zai ɗauka daular Song ta gidan Song ce, ta Tang kuma ta gidan Tang. Ba haka ba ne. Sunan gidan da ya kafa daular Tang a 618 Li. An kira daular Tang ne saboda wanda ya kafa ta, Li Yuan, yana riƙe da sarautar wani yanki mai wannan suna. Wanda ya kafa Song a 960, Zhao Kuangyin, ya taɓa zama kwamandan yankin da tsohuwar ƙasar Song ta zauna, sai ya ari sunan. Nasa sunan, Zhao, na wata rusasshiyar ƙasa ce dabam. Daular Han ta gidan Liu ce, ta Ming ta gidan Zhu. Cikin sanannun dauloli, Chen ta kudu, wadda ta yi mulki daga 557 zuwa 589, ita ce sunanta ya zo daidai da na sarakunanta. Wato a mafi yawan lokuta masu mulkin ƙasa dabam, masu amsa sunanta dabam.

Kuma suna yana shiga gidan da ba shi da alaƙa da jininsa. Zheng He, jagoran jiragen ruwan da suka kai gaɓar Afirka ta Gabas a farkon ƙarni na 15, Musulmi ne daga Yunnan, sunan gidansu Ma. Sarkin da ya yi wa hidima ne ya ba shi Zheng kyauta. Sarakunan Tang sun raba sunansu Li ga sarakunan yaƙi da shugabannin ƙabilun kan iyaka, kamar yadda ake raba riga da rawani. Fataken tsakiyar Asiya da suka zauna a biranen Sin kuwa an sa musu sunayen garuruwansu: mutumin Samarƙandi ya zama Kang, na Tashkan ya zama Shi, na Buhara ya zama An. Buharar nan ita ce ta ba Imam Muhammad ɗan Isma'ila nisbarsa ta Buhari, wadda Hausawa suka mayar sunan yanka saboda girmama littafinsa, har ta kai ga wani mutumin Daura da ya mulki Nijeriya sau biyu. Gari ɗaya, ya bi gabas ya zama An, ya bi yamma ya zama Buhari.

A ƙasar Hausa ta dā babu abin da ya yi daidai da sunan iyali da ake gada. Mutum yana da sunan yanka, da laƙabin da kaka ko uwa ta sa masa, sa'an nan a jingina shi ga ubansa ko sana'arsa ko sarautarsa. Aikin da sunan iyali yake yi wa Basine, a nan fuska ce take yin sa: tsagar Gobirawa ta isa ta gaya wa kowa daga ina mutum ya fito kafin ya buɗe baki, wasan barkwanci kuma ya ƙarasa sauran, tsakanin Kanawa da Zage-zagi, ko Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa. Kalmomin Bakano da Bakatsine da Bagobiri suna nan, amma ba wanda zai kira mutum Bakano a kasuwar Kurmi. Sai a Salaga, ko a zangon Kumasi, ko a hanyar hajji. Malamin lissafi da hatimi Muhammad ɗan Muhammad, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1741, a can ne ya zama al-Kashinawi. Zuriyar alhazan da suka zauna a Makka da Madina, da ta waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, su ne a yau suke amsa Hausawi da Barnawi da Fallata da Takruni a Sa'udiyya da Sudan. Kyaftin ɗin 'yan ƙwallon Sa'udiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 sunansa Usama Hausawi. Barnawi sunan daular Barno ne, Takruni kuma na Takrur, wadda ta shuɗe a bakin kogin Sanagal ƙarnuka da dama da suka wuce. Wannan shi ne labarin Chen Wan, ba ragi ba ƙari.

Ƙasashen da jihadi ya kayar su ma ba su saki sunayensu ba, sai dai a sarauta suka ajiye su. Alƙalawa ta faɗi a 1808, amma har yau akwai Sarkin Gobir a Tsibiri da Sabon Birni. Sarakunan Haɓe na Katsina da suka kafa Maraɗi sun ci gaba da amsa Sarkin Katsina. Na Zazzau suka yi kudu, Abu Ja ya kafa garinsa a 1828, magadansa suna amsa Sarkin Zazzau. Bayan da aka zaɓi yankin domin sabon babban birnin tarayya a 1976, aka ɗauke sunan Abuja aka kai wa birnin, tsohon garin ya koma Suleja. A can sunan mutum ne ya zama na gari, kamar yadda na Modibbo Adama ya zama na Adamawa.

Abin da ya mayar da sunan gari ya zama na takarda shi ne makarantar boko. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, an tara yara daga lardunan Arewa, aji guda yana iya ƙunsar Ahmadu uku da Abubakar huɗu. Kunya ba ta barin yaro ya riƙa ambatar sunan ubansa a bainar jama'a, balle a riƙa kiransa da shi kowace safiya. Sunan gari ya warware matsalar ba tare da an ci zarafin kowa ba. Da haka aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita, daga baya Shehu Shagari da Aminu Kano. Sardauna kansa Ahmadu Raɓa ne a makaranta. Daga baya ya ajiye sunan ƙauyen ya ɗauki Bello, na mahaifin kakansa Sarkin Musulmi, zaɓin da ya nuna inda ya dosa. Dokar nan ta Sinawa ta sake aiki a Kano: gidan da yake mulki yana amsa Dabo da Abbas da Bayero da Sanusi, mutumin da ya amsa sunan birnin kuwa, Malam Aminu, ya ƙare rayuwarsa yana ja da mulkin sarakai. Janar Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, shi ne irin daular Chen a wannan lissafi, inda ɗan gidan sarauta ya ɗauki sunan ƙasar da gidansu yake mulki.

Da farko sunan na mai shi ne kaɗai, yana mutuwa da shi. Yanzu ana gadonsa. 'Yar'aduwa unguwa ce a birnin Katsina, amma bayan Musa da 'ya'yansa Shehu da Umaru, ba wanda yake jin kalmar ya tuna unguwa. Shagari ya kai ga jikoki. Kwankwaso ƙauye ne a Madobi, Ganduje ƙauye ne a Dawakin Tofa, Rimi ƙauye ne a Sumaila, ga shi na farkon ya haifi Kwankwasiyya, na ƙarshen kuma yana jikin babbar kasuwar Sabon Gari. Sunayen Hausa Bakwai ma suna yawo a takardu: Daura ta taɓa shiga fadar shugaban ƙasa, Gobir ta taɓa shiga majalisar dattawa, Rano kuma tana jikin gidajen mai. Tun da aka fito da lambar banki ta BVN a 2014, aka kuma tilasta haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, abin da dā ake yi bisa ga dama ya zama dole, kuma ya daskare. Kwamfuta tana da gurbi uku, kuma tana zaton na ƙarshen iri ɗaya ne ga uba da ɗa da jika. A gida ɗaya sai a tarar wa ya sa sunan uba, ƙane ya sa na kaka, auta ya sa na unguwa; ranar da za su nemi biza tare, ko su bi kuɗin mahaifinsu a banki, sai an haɗa da rantsuwa a kotu da sanarwar jarida kafin a yarda ciki ɗaya suka fito.

Ga masu ilimi da suke da ta cewa a gidajensu, mafita tana kusa, kuma Bahaushe ya riga ya gano ta ba tare da kwamiti ba. Rabi'u Musa Kwankwaso, Umaru Musa 'Yar'aduwa, Kamilu Sani Fagge: sunan yanka, sunan uba, sunan wuri. Gurbi uku, kowane da mazauninsa. Malaman da suke cewa Suratul Ahzabi ta yi umarni a jingina mutum ga ubansa suna da gaskiya, kuma wannan tsari bai saɓa musu ba, tunda uba yana nan a tsakiya, yana sauyawa da kowane tsatso, na ƙarshe ne kawai yake tsayawa. Haka Buhari da Tirmizi da Suyuɗi da Ƙurɗabi suka yi, ba wanda ya ce sun musanta iyayensu. Ya fi dabarar da wasu gidaje suka ɗauka ta daskarar da sunan kaka guda, wadda take sa jika ya zama a takarda ɗan wanda bai haife shi ba. Ya kuma fi al'adar aro ta maye sunan matar aure da na mijinta, abin da Bahaushe bai gada ba, kuma abin mamaki Sinawa ma ba sa yi.

Sai dai sunan gari yana da haɗarinsa, kuma Kanawa sun taɓa ɗanɗana shi. A watan Agusta na 1991 aka yanke Jigawa daga Kano. Mutanen da sunansu ya ƙare da Haɗeja ko Gumel ko Kazaure ko Ringim ko Dutse suka kwana 'yan gida suka tashi 'yan wata jiha, ma'aikata da yawa suka tattara suka koma Dutse, ciki har da waɗanda duk rayuwarsu ta aiki a Kano suka yi ta. Sunan da wani malamin makaranta ya sa wa uba domin a bambanta shi da wani Garba ya zama hujjar da ake duba wa ɗa. Dalilin kuwa yana cikin tsarin mulkin 1999 da waɗanda suka gabace shi. Sashe na 147 ya ce a ɗauko minista daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalinta. Sashe na 318 ya ɗaura zama ɗan jiha a kan kasancewar uba ko uwa ko kaka daga al'ummar da ta samo asali a can. Haihuwa ba ta isa ba, zama bai isa ba, biyan haraji bai isa ba. Daga nan takardar shaidar asali ta fito, wadda kowa yake kira indijin, wadda ƙaramar hukuma take bayarwa, kuma ba a shiga aikin soja ko na gwamnatin tarayya, ko a sami tallafin karatu na jiha, sai da ita.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar Fagge da Sabon Gari, unguwanni biyu da suke ƙarƙashin ƙaramar hukuma ɗaya, titi ne kawai tsakaninsu. Duka biyun domin baƙi aka kafa su. Tarihin da Kanawa suka riƙe ya kai Fagge ga zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, a matsayin fagen da ayarin Buzaye da Abzinawa suke sauke raƙuma a wajen ganuwa. Bayan zuwan Turawa ta cika da fatake da 'yan ƙwadago da malamai daga ko'ina: Barebari, Nufawa, Zabarmawa, Yarbawa Musulmi, mutanen Damagaram da Agadas, ga Kwarori da kantunansu a gefenta. A yau jikokinsu suna rubuta Fagge a ƙarshen sunansu, ba wanda yake neman su kawo salsala. Hasali ma haka birnin ya saba yi tun a cikin ganuwa. Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Dandalin Turawa sun faɗi asalin mazaunansu na farko da bakinsu. Ayagi unguwar fataken Yarbawa ce, kuma sunanta ya shiga jerin sunayen Kanawa, kamar na marigayi Farfesa Ibrahim Ayagi. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga Agalawa ya fito, fatake masu asali daga arewa. Iyayen Sani Abacha Barebari ne, amma babban filin wasan birnin sunansa yake amsawa. Sunan unguwa a nan ya yi aikin da Kang da An suka yi a ƙasar Sin, har ya fi su, tunda su suna tuna inda baƙo ya fito, shi kuwa yana faɗar inda ya sauka.

Sabon Gari kuwa an shata ta a 1913, shekara biyu bayan isowar jirgin ƙasa, domin akawuna da 'yan kasuwa da ma'aikatan reluwe daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas. Turawa suka ajiye ta a wajen ikon Sarki har zuwa 1940, da kotunta dabam da dokarta dabam, da niyyar kada a cakuɗu. Sunayen titunanta ma waiwaye suke yi: titin Abeokuta, titin Ijebu, titin Enugu, titin Aba, titin Warri, titin Freetown. Akwai gidaje a can da suka kai tsatso na uku da na huɗu, 'ya'yansu suna jin Hausa kamar kowane ɗan Fagge, wasu ba su taɓa yin wata guda cur a garin kakanninsu ba. Amma da wuya a ga ɗayansu ya rubuta Kano ko Fagge ko Sabon Gari a ƙarshen sunansa, kuma idan takardar indijin ta taso, yawanci sai ya hau mota zuwa wata ƙaramar hukuma a Anambra ko Ogun, inda za a tambaye shi gidan wa ya fito.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba hannu ɗaya ne ya gina wannan katanga ba. Ƙofar Fagge ta buɗe ne ta hanyar Musulunci da harshe da auratayya, kuma mafi yawan mutanen Sabon Gari Kiristoci ne waɗanda ba su da niyyar bin ta, kuma ba wanda yake da ikon tilasta musu. Da yawansu su ma suna kallon Kano a matsayin kasuwa, gida yana can inda ake zuwa Kirsimeti, ake gina babban gida, ake kai gawa. Rikicin 1953 da kashe-kashen 1966 da tarzomar 1991 sun koya wa iyaye kada su saka ƙwansu duka a nan, kuma ba za a ga laifinsu ba. Ga kuma hujjar da ake yawan ji a Kano: Bahaushen da aka haifa a Sabo ta Ibadan ko a Onitsha shi ma ba a ba shi takardar can, to don me Kano za ta fara? Hujja ce mai nauyi. Amma abin da take nunawa shi ne dokar tana cutar kowa, kuma Hausawa, waɗanda suka fi kowace al'umma a Afirka ta Yamma bazuwa a zangunan wasu, su ne suka fi kowa riba idan ta sauya. Mai cewa baƙo raɓa ne ɗan gari kaba, ya tuna yana da ɗan uwa a Agege da Kumasi da Port Sudan wanda ake yi wa wannan karin maganar.

Ƙasar Sin ba abin koyi ba ce ta kowace fuska. Sunan iyali bai hana kowa komai a can, amma tsarin rajistar gidaje na hukou, wanda aka ƙarfafa da dokar 1958, ya ɗaure mutum ga inda aka yi wa iyayensa rajista, har ɗan ma'aikacin masaƙa da ya girma a babban birni yakan koma lardin iyayensa domin ya zauna jarrabawar shiga jami'a. Atamfar da take isowa Kwari ta bi ta hannun irin waɗannan ma'aikata. Abin da Sinawa suka yi daidai ƙarami ne, amma ya isa: sun raba suna da haƙƙi. Mai suna Song ba ya bin kowa bashin komai a Shangqiu, inda fadar Song ta zauna, kuma ba a korar mai suna Wu daga Beijing a ce ya koma Suzhou.

Ga Kano, raba su yana nufin abubuwa biyu da ba su fi ƙarfin majalisar jiha da ƙananan hukumomi ba, ko da kuwa gyaran sashe na 318 sai an jira Abuja. Na farko, a daina karanta sunan gari a matsayin shaida: wanda ya gaji Gumel ko Katsina ko Bida daga kakan da ya sauka a Fagge zamanin dalar gyaɗa, sunan ya zama nasa kamar yadda Tan ya zama na mutumin Singafo, kuma ba aikin jami'in da yake sa hannu a takarda ba ne ya mayar da shi can. Na biyu, abin da jiha take rabawa da kuɗin harajin kowa, wato guraben makarantunta da tallafin karatunta da ƙananan ayyukanta, a ɗaura shi a kan takardar haihuwa da shekarun zama. Sarauta da gadon gidaje su tsaya inda suke. Ba su ake magana ba. Fada ma ta nuna ba ta rasa hanyar karɓar baƙo ba, tunda a 2019 Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa wani ɗan kasuwa Basine, Mike Zhang, Wakilin 'Yan China, shekara bakwai kacal bayan da jami'an shige da fice suka kama 'yan ƙasarsu 45 a Kantin Kwari bisa zargin yin cinikin da ba a ba su izini ba.

Rawani ya fi takardar indijin sauƙin bayarwa, domin ba ya rage wa kowa gurbi. A jerin mazaɓun ƙaramar hukumar Fagge, guda biyu na Sabon Gari ne, ta gabas da ta yamma, kuma mazaunansu suna jefa ƙuri'ar zaɓen shugaban da yake sa hannu a takardar da yawancinsu ba za su samu ba. Unguwar ta cika shekara 100 tun a 2013.